Kwamfutata a Kan Buzun Malam

Tun da muka dawo hutu, duk wanda ya same ni a ɗakin karatu ya ga kwamfutata zaune a kan kujerar Alƙur'ani sai ya tsaya ya yi tambaya. Wasu sun ce dabarar tsorata ɓarayi ce, wasu sun ce na fara malanta. Da aka ji daga Kademi na zo da katakon, sai tambayar ta koma, "Kai da ko kanti ba ka zuwa, me ya kai ka Kademi?" Kun san ni, in mutum uku suka kewaye ni magana ba ta fita daidai. Shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta, ni kuma in huta.

Kakata ce ta aike ni. Inna Lami, wadda sunanta na yanka Hauwa'u ne, mahaifiyar babana, 'yar Kademi ce, aure ya kawo ta Toranke. Mahaifinta malami ne, ana ce masa Malam Babba, ya bar littattafai rubutun hannu masu yawa a wurin ɗansa Malam Yusha'u. Inna da Malam Yusha'u uba ɗaya suke, uwa kowa da tasa, kuma a shekara ɗaya aka haife su. Da yake duk haihuwar fari ce, kowace uwa gidan iyayenta ta tafi ta haihu. Mahaifiyar Malam ce ta riga dawowa da jaririnta, mutanen gida suka fara ganinsa, suka ɗauka shi ne babba. Mahaifiyar Inna kuwa har ta koma ga Allah tana cewa 'yarta ce ta riga zuwa duniya. In aka tambayi Malam Babba sai ya yi murmushi ya ce, "Yana rubuce." Ya rasu bai faɗi a wane littafi ba. Shekara saba'in da ɗoriya ke nan ana wannan musu. In suna waya, shi ya ce mata "ƙanwata", ita ta ce masa "yaro".

Bana yanar ido ta fara hana Inna gani sosai, ƙafafu kuma ba sa barinta hawa babur. Ranar nan ina zaune a tsakar gida ina gwada wata kyamara da na aro daga sashenmu saboda furojet, mai dogon wuya kamar fitilar tebur, wadda ake haɗawa da kwamfuta ta ɗauki hoton takarda. Inna ta matso ta ga na mayar da harafi ɗaya girman tafin hannu.

"Maigida," ta ce, don haka take kirana, "wannan abin naka kowane rubutu yake kumburawa haka?"

"Kowanne, Inna."

"To ka shirya. Jibi Yusha'u zai shanya littattafai."

Ta yi mini bayani. A gidan Malam Babba sau ɗaya ake kwance littattafai a shekara, a ƙarshen bazara kafin ruwan farko. A shanya su a inuwa, a duba ko gara ta shiga, a ɗaure su kafin la'asar. Daga nan kowa ya zo, ko wane ne, sai baɗi.

"Baɗi kuwa ban san ko idon nan zai kai ba," in ji ta. "Ba girman nake nema ba." Sai ta girgiza kai. "A'a, ina nema, kar ka ji na ce ba na so. Amma hannun babana nake son gani, inda ya rubuta sunana."

Na amsa da murna, har na kasa zama. Ban taɓa taɓa littafin da ya girmi babana ba, ga shi an ce in je in buɗe ɗaki guda. Abu ɗaya ne ya dame ni. Kwamfutata tsohuwa ce, ta hannu na saya, kuma tun da zafi ya shigo ta ɗauki wani hali. Sai ta yi zafi, fankarta ta hau gurnani, sannan ta mutu ba sallama. Na auna sau shida na rubuta a ɗan littafina: minti ashirin da biyar take yi, in da kyamara kuwa goma sha bakwai. Ban gaya wa Inna ba. Na ce a raina zan tsaya a Gaya a duba ta.

Washegari da hantsi Ɗanjuma mai acaba ya zo ɗaukata. Makwabcinmu ne, kuma ban taɓa ganin mutumin da shiru ke wa ciwo kamarsa ba. Kafin mu kai Ajingi ya gama ba ni tarihin kowace gona da muka wuce, da wanda ya yi sharar gona da wuri, da wanda har yanzu karan bara ke tsaye a tasa. Duk abin da na ce tun daga gida bai wuce "to" da "haka ne" ba, amma da muka tsaya shan mai ya gaya wa mai man cewa hira ce ta sa bai ga nisan hanya ba.

Kun tambaye ni ko na ƙetare iyaka. Na ƙetare. Tsakanin ƙasar Ajingi da ta Gaya, a wata 'yar hanya da Ɗanjuma ya ce yanke ce, muka tarar da igiya a ɗaure daga wata tsamiya zuwa wani turke, dattawa uku masu sintirin ƙauye na zaune a inuwa. An ce an sace musu awaki a makon, saboda haka duk mai jaka sai ya buɗe. Na buɗe. Babban cikinsu, mai gemu fari da sanda, ya ɗago kyamarar ta wuya kamar wanda ya kama agwagwa.

"Wannan fa? Awon gona kuka zo yi?"

Sauran biyun suka miƙe tsaye. Ashe an daɗe ana raɗe-raɗin za a fitar da hanya ta cikin gonakinsu. Na buɗe baki in yi bayani, abin da ya fito kawai shi ne, "Ta littafi ce." Bai gamsu ba. Ya ce in kunna su gani. Kwamfutar ta sha rana a bayana tun daga Toranke, ina kunna ta fankar ta ɗauki ƙara.

"Kai, injin markaɗe ne a ciki?"

Na ɗora tafin hannun dattijon a ƙarƙashin kyamarar, layukan hannunsa suka cika allon, har da wata ƙaya da ta karye a gindin babban yatsansa. Ya daɗe yana kallo. Ya ce kwana huɗu ke nan ƙayar tana damunsa, an duba an duba ba a gan ta ba. Nan take ɗaya daga cikinsu ya zaro allura daga hularsa, yana kallon allo yana tono, har ya fitar da ita. Aka kwance mana igiya, aka cika mini aljihu da aduwa. Ɗanjuma ya ce da ya san haka ne da tuni mun buɗe asibiti.

Mun shiga Gaya kafin azahar. Ɗanjuma ya kai ni rumfar wani mai gyaran waya da kwamfuta kusa da tasha, ana ce masa Sabi'u Injiniya, sannan ya yi mini sallama ya juya. Sabi'u bai tambaye ni komai ba, ya kifa kwamfutar ya kwance bayanta, ya sa ɗan hantsaki ya zaro wani curin ƙura da zare daga bakin fankar, ya ɗaga shi sama don masu zaman rumfar su gani.

"Ɗalibi, bargonka ja ne, ko?"

Na ce ja ne.

"Ga rabinsa nan."

Aka yi dariya, ni ma na yi, kunya kamar in nutse. Ya hure ta da ɗan famfon iska, ya goge wani busasshen man da ke kan ƙwaƙwalwarta ya shafa sabo, ya mayar ya ɗaure. Sannan ya nuna mini wasu 'yan ramuka a ƙarƙashinta da wasu a gefe.

"Ta nan take shaƙa, ta nan take fitarwa. Ka toshe mata ƙasa, ka shaƙe ta ke nan. Ban da katifa, ban da bargo, ban da filo, ban da cinya in kana sanye da babbar riga. Duk abin da yake da laushi maƙiyinta ne. Fankar ta tsufa, ba ni da irinta a nan, amma in ka bar ta ta sha iska za ta kai ka."

Na rubuta duk wannan a ɗan littafina, har na ja layi a ƙarƙashin "laushi". Na ci shinkafa da wake da mai da yaji a bakin tasha, na yi salla, na shiga motar Kademi. Mu biyu aka sa a gaba, ni ne a tsakiya, duk sanda direba zai sa giya sai na ɗage gwiwa. Zafin inji yana dukan ƙafata, na rungume jakar a ƙirji kamar jariri. Wata dattijuwa a baya ta tambaye ni ko zinariya ce a ciki. Da na ce gidan Malam Yusha'u za ni, sai motar gaba ɗaya ta ɗauki kwatance, kowa da nasa, har biyu suka kusa faɗa a kan ko ta bayan masallaci ya fi kusa.

Ɗan Malam, Baba Sale, wanda sa'an babana ne kuma shi ke riƙe da gonakin gidan, shi ya tare ni a zaure. Ya kai ni gaban Malam. Na durƙusa na gaishe shi. Dogon tsoho ne siriri, da tabarau mai kauri ɗaure da zare ta bayan kai, kuma hancinsa sak na Inna.

"Ƙanwata ce ta turo ɗan leƙen asiri?" ya ce. "To ka zo a sa'a. Gobe za ta ji kunya a gaban jikanta."

A wannan gida na ga abubuwan da ba ma yi a Toranke. Baƙo ba ya cin abinci shi kaɗai a ɗaki, da Malam yake ci a akushi ɗaya, kuma ba a magana sai an wanke hannu, abin da ya yi mini daɗi ƙwarai. Furarsu ba a sa mata sukari, citta da kanumfari ne suka yi mata yawa har tana ɗan ƙona maƙogwaro. Tuwon dawa aka kawo da miyar kuka mai daddawa, da man shanu a ɗan kasko daban, kowa ya ɗiba da kansa. A gidanmu uwar gida ce ke zubawa, kuma ba ta sakin hannu haka. Aka sauke ni a wani ɗaki kusa da zaure, mai gadon kara da tabarma da randa a lungu. Da na tashi da asuba na tarar an juya takalmana suna kallon cikin gida. Baba Sale ya ce haka suke yi wa baƙon da ba sa son ya yi saurin tafiya.

Bayan an karya kumallo Malam ya kafa mini dokoki. Na yi alwala. Waya ba ta shiga inda aka shanya littattafai, don a cewarsa abin da ke ɗauke da kiɗa da raye-raye ba ya haɗa inuwa da rubutun Malam Babba. Na miƙa wa Baba Sale tawa. Kwamfuta kuwa, da ya ji karatu nake yi da ita, ya ce allo ce ta zamani, ta shigo. Aka jawo mini wayar wuta daga solar masallaci, saboda haka caji ba matsala ba ne.

Aka fito da littattafan cikin wata rumfa a tsakar gida. Na ƙirga gafakar fata da aka adana su a ciki, talatin da huɗu. Takardu ne warwara ba ɗinki, sun yi ja kamar ƙasa, rubutun tsakiya baƙi manya, gefe-gefe kuma cike da wasu ƙananan rubuce-rubuce kamar sawun tururuwa. Warin tsohuwar fata da tawada ya cika rumfar. Malam ya ce a irin wannan gefen ne Malam Babba yake rubuta haihuwa da rasuwa da ranar da aka fara shuka, amma rubutun ya yi ƙanƙanta, ya kuma koɗe, ko da tabarau ba ya iya karanta shi yanzu.

Na sami wani dandamalin siminti mai sanyi a gefen rumfar, na ajiye kwamfutar a kai. Daidai abin da Sabi'u ya ce.

"A'a, a'a!" Malam ya ɗaga hannu. "Abin da zai ɗauki ayoyi da hadisai a cikinsa shi za ka ajiye a ƙasa inda ake takawa? Sale, ɗauko buzuna."

Baba Sale ya dube ni da mamaki. Daga baya ya gaya mini shi kansa bai taɓa zama a kan buzun nan ba. Aka shimfiɗa shi, farar fatar rago mai gashi tsawon yatsa, Malam da hannunsa ya ɗauki kwamfutar ya ɗora a tsakiya. Na ga ta nutse cikin gashin har gefenta ya ɓace. Layin da na ja a ƙarƙashin "laushi" ya tsaya mini a ido. To amma ta yaya zan ce wa dattijon da ya ba ni wurin sallarsa, "Malam, buzunka ne matsala"? Na ce, "Na gode, Malam." Na ce a raina wataƙila gyaran Sabi'u ya isa.

Muka fara. Baba Sale yana ɗaga takarda, ina ɗauka, Malam yana zaune kusa da allo yana karanta gefen da na kumbura masa. Da ya ga rubutun ya yi girma haka sai ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya karanta inda aka rubuta ranar da aka haƙa rijiyar gidan, da sunan wata saniya da ta haifi tagwaye. Yana karantawa yana dariya yana cewa, "Allahu akbar, Malam ke nan." Minti goma sha huɗu, fankar ta yi gurnani, allon ya yi baƙi.

"Ta yi barci?" in ji Malam.

"Zafi ta ji, Malam. Sai ta huce."

Sai da muka jira kusan minti ashirin. A karo na biyu ta yi goma sha ɗaya. A na uku, tara, kuma ta tafi da hotuna shida da ban riga na adana ba. Na yi lissafi a ɗan littafina: gafaka biyar muka gama, hantsi ya wuce, saura ashirin da tara. Ko rabi ba za mu kai ba.

Gidan gaba ɗaya ya shiga neman magani. Baba Sale ya ɗauko mafici ya zauna yana yi mata fifita. Matar Malam, Gwaggo Hansatu, ta leƙo daga bayan zana ta ce a jiƙa tsumma a lulluɓe ta kamar yadda ake wa mai zazzaɓi. Na ce ruwa zai kashe ta gaba ɗaya. Ta ce to a kai ta gindin randa. Aka naɗe buzun da ita a ciki, aka kai gindin randa, aka sake shimfiɗawa, kamar ana ɗaukar jariri da zaninsa. Ta huce da wuri kam, amma da aka dawo da ita rumfa, minti goma ta sake mutuwa. Malam ya tofa mata addu'a. Baba Sale ya canja hannu, gumi yana ɗiga daga gemunsa.

Aka kira azahar muna gafaka ta tara. Da muka fito daga masallaci na ga gabas ta ɗan yi duhu. Malam ma ya gani.

"Sale, in hadarin nan ya taso ba za mu jira la'asar ba. Ɗaurewa za mu yi." Ya juyo gare ni da tausayi. "Kar ka damu, jikana. In Allah ya kai mu baɗi sai ka dawo da wadda ta fi wannan lafiya."

Kalmar "baɗi" ce ta tsaya mini. Na tuna yadda Inna ta kai fuskarta dab da allo kafin ta ga harafin da na kumbura mata. Na bi Malam har rumfa, na durƙusa. Na ɗaga kwamfutar na kifa ta a hannuna.

"Malam, Allah ya gafarta, ka ga waɗannan ramukan? Ta nan take numfashi."

Ya sa yatsa ya shafa. Ya cire wani farin gashi da ya maƙale a ciki. Ya dubi gashin, ya dubi buzun, sannan ya tura hannunsa inda ta zauna, ya janye da sauri.

"Tun yaushe ka san wannan?"

"Tun jiya, Malam."

"Tun jiya!" Ya dubi Baba Sale da maficinsa. "Ka ji? Tun safe ya bar ka kana fifita kamar mai gasa masara, ni ina tofi, Hansatu tana kai ta gindin randa, ashe mu muka toshe mata hanci!" Ya yi dariya har tabarau ya zame. "Kunyar nan ba daga wurin ƙanwata ka gado ta ba, wallahi. Ita da tuni ta jefar da buzun waje."

Na ce ko za a bar ni in mayar da ita kan simintin. Ya ce wannan kam a'a, ƙasa dai ƙasa ce. Ya shafa gemu. Can ya ce wa Baba Sale ya shiga ɗaki ya ɗauko kujerar Alƙur'anin Malam Babba. Aka fito da ita, baƙin katako mai giciye, ya yi santsi don tsufa. Malam ya buɗe ta, ya ɗora kwamfutar a kan leɓunanta biyu. Ta zauna daram, ƙarƙashinta fili, har ana hango wancan gefen ta ciki.

"To, ga girma ga iska. Kunna."

Na kunna, na duba agogo. Minti goma sha bakwai suka wuce. Ashirin da biyar suka wuce. Fankar tana ɗan huci a hankali kamar mai barci. Da muka cika minti arba'in ban san sanda na ce "Ta wuce!" da ƙarfi ba, har kaji suka watse. Baba Sale ya jefar da maficin ya kama ɗaga takardu da hannu biyu. Muka daina ɗaukar kowane shafi, sai wanda ke da rubutu a gefe. Malam ya ce a bar littattafan nahawu, a fara da na fiƙihu, don a babin tsarki da na suna Malam Babba ya fi yin irin wannan rubutu. Na lura ya san inda ya kamata a duba fiye da yadda ya nuna da safe.

Iska ta fara kaɗa zana lokacin da muka buɗe gafaka ta goma sha tara. A shafi na bakwai, can ƙasa ta hagu, akwai layi huɗu da ajami, tawadar ta koma ruwan ƙasa. Na kumbura su har suka cika allon. Malam ya matso. Ya karanta a bayyane, a hankali:

"An haifa mini 'ya mace ranar Alhamis, uku ga Rajab. Na sa mata Hauwa'u."

Ya tsaya. Ya sauke yatsa zuwa layi na ƙasa.

"An haifa mini ɗa namiji ranar Talata, ashirin da biyu ga Rajab. Na sa masa Yusha'u. Allah ya haɗa kansu."

Gwaggo Hansatu ce ta fara, daga bayan zana, da wata 'yar guɗa gajera. Baba Sale ya juya baya kafaɗunsa suna rawa don dariya.

"Kwana goma sha tara," in ji Malam. "Kwana goma sha tara kacal. Ko cibiya ba ta gama warkewa ba." Ya cire tabarau ya daɗe yana goge ido da bakin rawani. "Ka adana?"

"Sau uku, Malam. Har a filashi."

"To ku ɗaure, ruwa na zuwa."

Mun shigar da gafaka ta ƙarshe ɗaki ke nan aka fara yayyafi, ƙamshin ƙasa ya tashi. Ruwan bai yi yawa ba, amma da ya same mu a rumfa da ya isa.

Da safe na tarar an juya takalmana suna kallon waje. Malam ya ba ni wata kujerar Alƙur'ani daga cikin na makarantarsa, ita ce wadda kuke gani, da ƙullin citta da kanumfari in kai wa Inna. Ya raka ni har bakin zaure, ya riƙe hannuna ya faɗa mini saƙon da zan kai, ya sa na maimaita sau biyu don kar in rage ko in ƙara.

Na tsaya a Gaya na nuna wa Sabi'u katakon. Ya juya shi, ya leƙa ta ƙasa, ya ce wannan ya fi abin da ake sayarwa mai fanka a ciki, har ya ɗauki hotonsa zai kai wa kafinta. Ɗanjuma ya zo ya ɗauke ni, kuma a karon farko a rayuwarsa wani ya fi shi magana a kan babur. Ni kaina na yi mamaki. A wurin igiya dattijon ya ɗaga mini babban yatsansa daga nesa, ya warke.

Na sami Inna a ƙofar ɗakinta tana tsince wake da lalube. Ban ko cire takalmi ba na durƙusa.

"Inna, Malam ya ce in gaishe da Yaya."

Hannunta ya tsaya a cikin faifan.

"Sake faɗa."

"Ya ce in gaishe da Yaya, ya ce kuma a yi haƙuri da ƙuruciya."

Ta yi wata dariya da ban taɓa ji ba, wake ya zube, kaji suka taru. Na buɗe kujerar, na ɗora kwamfutar, na kumbura layin har kowane harafi ya kai tafin hannu. Ta kawo fuskarta kusa. Ta bi haruffan sunanta da yatsa ɗaya bayan ɗaya, leɓenta yana motsi, har ta kai "Allah ya haɗa kansu". Sannan ta ɗora tafin hannunta a gefen kwamfutar, daidai inda iskar ke fita, ta bar shi a nan.

"Ka ji," ta ce, "da ɗuminsa."

Na san fanka ce, na kuma san sunan abin da ke kawo ɗumin. Wannan karon shirun da na yi ba na kunya ba ne.

Can ta janye hannun ta share ido da gefen mayafi, ta gyara zama.

"Maigida, kira mini yaron nan a waya. Saƙo ba ya isa. Da bakinsa nake son in ji."